Zagayen Gidajen Hansaviertel a Berlin: Abin da Jagora Ke Ƙara wa Ido

Hansaviertel unguwa ce da kowa zai iya shiga ya zagaya ba tare da ya biya ko sisi ba, domin ba ta da ƙofa kuma ba ta da katanga, jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin U9 ma a tsakiyarta yake sauke mutum, a tashar Hansaplatz. Don haka abin da ya kamata a fara tambaya game da zagayen ƙafa da wani ƙaramin kamfanin masu zanen gine-gine yake shiryawa a cikinta shi ne ko jagora zai ƙara wa mutum wani abin da idonsa ba zai ba shi ba. A ganina zai ƙara, kuma ƙarin ba kaɗan ba ne, amma da sharaɗin ya zama zagayen da ake shiga cikin gida, ko a ƙalla a buɗe wa mutum taswirar ɗakuna, saboda gidajen wannan unguwa daga ciki aka fara tunaninsu, fuskar da suke nuna wa titi daga baya ta biyo.

Jagorarmu mace ce da ta karanci zanen gine-gine, kuma ta fara da abin da ya dace, wato ta nuna mana tsohuwar taswirar wurin kafin ta nuna mana ko gini ɗaya. Unguwar farko an fara gina ta ne a shekarun 1870, da manyan gidajen haya manne da juna a jere a bakin tituna, kuma yawancinta ya rushe a ruwan bama-baman da aka yi wa Berlin a watan Nuwamba na 1943. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu birnin ya rabu biyu. Gwamnatin gabas ta fara gina babban titin Stalinallee a farkon shekarun 1950, da dogayen benaye masu ado a jere hagu da dama, titin da aka sauya wa suna zuwa Karl-Marx-Allee a 1961. Yammacin birnin ya mayar da martani da bikin baje kolin gine-gine na ƙasa da ƙasa da aka kira Interbau a 1957, inda aka gayyato masu zane fiye da 50 daga ƙasashe da dama, aka ba kowa fili, aka samar da gidajen zama sama da 1,000. A lokacin ba a gina katangar Berlin ba, sai a watan Agusta na 1961, saboda haka mutanen gabas ma sun iya tsallakowa su ga abin da ake nunawa a matsayin birnin gobe. Duk wannan ta faɗe shi a taƙaice, a tsaye a dandalin Hansaplatz, kuma na ji daɗin yadda ba ta bar labarin Yaƙin Cacar Baka ya cinye lokacin gidajen ba, domin labari ne mai daɗin faɗa wanda jagora zai iya fakewa a bayansa har zagayen ya ƙare.

Abin da ya fi burge ni a aikinta shi ne yadda ta ɗauki bishiyoyi da muhimmanci daidai da kankare. Ta ɗora tsohuwar taswira a kan sabuwa, sai muka ga yadda aka haɗe ƙananan filayen mutane aka sake raba su, aka share wasu tituna gaba ɗaya, aka daina jera gidaje a bakin hanya, kowane gini ya tsaya shi kaɗai a cikin ciyawa yana fuskantar rana. Manufar ita ce babban lambun Tiergarten, wanda girmansa ya kai hekta 210, ya malalo cikin unguwar har mutum ya kasa cewa ga inda lambu ya ƙare ga inda gidaje suka fara. Masu tsara lambuna irin su Hermann Mattern da Herta Hammerbacher sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa da masu zanen gidajen. Abin da baƙo ba zai sani ba idan ba a gaya masa ba shi ne, inuwar da yake tafiya a ƙarƙashinta yau kusan duk sabuwa ce. Bayan yaƙi mutanen Berlin sun sare bishiyoyin Tiergarten don yin makamashi a lokacin sanyi, daga cikin kimanin 200,000 ba a bar fiye da 700 ba, kuma sai a 1949 aka fara sake dashe, lokacin da magajin gari Ernst Reuter ya dasa ta farko. Hotunan 1957 da ta nuna mana na benaye ne tsirara a fili, da 'yan tsirrai da ba su kai tsayin mutum biyu ba. Ke nan masu zanen sun yi aiki ne da bishiyoyin da ba su riga sun girma ba, kuma unguwar da suka hango ita ce wadda muke gani yanzu, bayan shekaru fiye da 60. Wannan bayani kaɗai ya sauya yadda na kalli duk abin da ya biyo baya.

Zuciyar zagayen ita ce benen Alvar Aalto, ɗan ƙasar Finland, a titin Klopstockstraße. Daga waje ba shi da wani abin kama ido: hawa 8 ne, farare-farare, da baranda da suka shige cikin jikin ginin maimakon su leƙo waje. Wanda ya zo shi kaɗai zai iya wuce shi yana neman waɗanda suka fi shi fice a hoto. Jagorar ta tsayar da mu a zauren shiga, wani buɗaɗɗen fili mai ginshiƙai da ya haɗa ɓangarorin ginin biyu, iska tana ratsa shi daga gaba zuwa baya, sannan ta raba mana taswirar gida ɗaya daga cikin 78 da ke cikinsa, ta ce kowa ya nemo mata dogon lungun da ake bi a shiga ɗakuna. Babu wanda ya samo, domin babu shi. Aalto ya sa falo a tsakiyar gidan, ɗakunan kwana da kicin da wurin cin abinci suka kewaye shi, shi kuma falon ya buɗe zuwa baranda mai zurfi da za ta ɗauki tebur da kujeru.

Daga nan aka hau da mu, domin kamfanin ya yi yarjejeniya da wani mazaunin ginin da ya yarda a shigo da baƙi na ɗan lokaci. Mun cire takalma a bakin ƙofa, aka roƙe mu kada mu ɗauki hoto, kuma wannan daidai ne, gidan mutum ne ba gidan tarihi ba. Taku kaɗan daga ƙofa mutum yana tsakiyar falon, haske yana shigowa ta gilashin baranda ya bazu har bangon baya ba tare da ya soki ido ba, saboda zurfin barandar ya tare kaifin ranar. Na tsaya a wuri ɗaya na ga ƙofar kowane ɗaki, na ga teburin cin abinci a kusurwa kusa da kicin, na ga saman bishiyoyi daidai da tsayin idona. Barandar ta zama kamar tsakar gida da aka ɗaga sama aka ajiye a hawa na biyar, kuma bangonta na hagu da dama ya raba ta da ta maƙwabta, har mutum zai iya zama a wajen ba tare da wani ya gan shi ba. Gidan ba shi da girma, kicin ɗin ma matsattse ne idan aka auna shi da abin da ake ginawa yanzu, amma babu taku ɗaya na fili da aka ɓata. A nan ne na fahimci abin da ake nufi idan aka ce salon tsakiyar ƙarni na 20 ya fi damuwa da yadda za a zauna fiye da yadda za a gani, kuma ba na jin akwai littafi ko hoton da zai iya koya wa mutum wannan kamar tsayuwar minti goma a cikin ɗakin.

Benen Oscar Niemeyer, ɗan Brazil wanda a daidai wannan lokacin yake shirin zana manyan gine-ginen Brasília, sabon babban birnin ƙasarsa, shi ne akasin na Aalto ta fuskar kama ido. Yana tsaye a kan ginshiƙan kankare masu siffar harafin V, ƙasansa a buɗe, ana hango ciyawar da ke bayansa ta tsakanin ƙafafunsa. A bayansa akwai hasumiyar lif mai kusurwa uku da ke tsaye daban, gadoji suka haɗa ta da jikin ginin a wurare biyu kacal. Niyyar Niemeyer ita ce hawa na biyar ya zama wurin haɗuwar mazauna, kowa ya sauka a can ya gaisa da maƙwabci kafin ya bi matakala zuwa ƙofarsa. Jagorar ba ta ɓoye cewa wannan niyya ba ta cika yadda aka so ba, kuma ta sa mu tuna da tsoho ko mai jego da kaya a hannu wanda lif ya ajiye shi a hawan da ba nasa ba. Na yaba mata wannan gaskiya. Yana da sauƙi jagora ya mayar da kowane babban suna wanda ba ya kuskure, ita kuwa ta nuna mana inda tunani mai kyau ya yi karo da rayuwar yau da kullum, ba tare da ta rage wa ginin darajarsa ba, domin kyansa daga ƙasa abu ne da ba a musu.

Sauran dogayen gine-ginen an bi su da sauri, kuma ban ga laifin haka ba. Benen Walter Gropius, wanda ya kafa makarantar zane da gine-gine ta Bauhaus a 1919, ya bar Jamus a 1934, ya dawo birnin haihuwarsa da wannan aiki tare da abokan aikinsa na Amurka, yana da ɗan lanƙwasa a fuskarsa da baranda da aka jera a tsallake-tsallake. Hasumiyar van den Broek da Bakema, 'yan ƙasar Holland, tana da gidajen da ɗakunansu ke kan matakai daban-daban, rabin hawa sama rabin hawa ƙasa, abin da ba a gane shi sai da taswira. Sai kuma ginin da ake kira Giraffe, wato raƙumin dawa, mai hawa 17 na gidajen ɗaki ɗaya don marasa aure, inda aka ware ɓangare ɗaya ga mata da ɗan kicin, ɗaya kuma ga maza da abin girki da bai wuce kabad ba. Mutane sun yi dariya, amma bayanin yana da amfani, domin ya nuna cewa waɗanda suka ce suna zana birnin gobe da tunanin zamaninsu suka zana shi.

Inda zagayen ya gaza, a ganina, shi ne a ƙananan gidajen titin Händelallee, waɗanda su ne suka fi kusa da abin da mutum yake nufi idan ya ce gida. A gefen da unguwar ta jingina da Tiergarten akwai rukunin gidaje masu hawa ɗaya ko biyu da shimfiɗaɗɗen rufi, na iyali ɗaya-ɗaya. Huɗu daga ciki Arne Jacobsen ɗan Denmark ne ya zana su, kowanne ya juya wa titi baya, ɗakunansa sun kewaye tsakar gida da bangon gilashi, ta yadda haske da iska daga ciki suke zuwa. Akwai na Eduard Ludwig, wanda ya zana abin tunawa da jigilar kayan agaji ta sama zuwa Berlin, da na Sep Ruf, wanda daga baya ya zana gidan shugaban gwamnatin Jamus a Bonn. Mun iso wajensu lokaci ya kusa ƙarewa, aka tsaya 'yan mintuna, aka ambaci sunaye, aka wuce. Daga titi kuwa abin da ake gani bango ne da ƙofa da shingen shuke-shuke, saboda haka su ne suka fi kowane gini buƙatar a buɗe taswira a yi bayani a tsanake. Na san gidajen mutane ne, kuma bai dace ayari ya yi cirko-cirko a ƙofar wani yana leƙe ba, amma akwai benci da inuwa a kusa inda za a iya zama a yi bayanin ba tare da an takura wa kowa ba. Da an rage lokacin da aka ɓata a ƙarƙashin hasumiyoyi aka ba waɗannan gidaje, da zagayen ya fi haka daidaito, domin tambayar da suka amsa, wato yadda iyali zai samu sirri da sarari a ɗan ƙaramin fili a tsakiyar birni, tambaya ce da ba ta tsufa ba.

Akwai kuma wani giɓi da ya fi wannan nauyi. Tsohuwar unguwar da aka nuna mana taswirarta a farko tana da Yahudawa da yawa a cikin mazaunanta, daga cikinsu har da marubuciya Nelly Sachs, wadda ta tsere zuwa Suwidin a 1940 kuma ta samu kyautar Nobel a 1966. Da yawa daga cikin maƙwabtanta an kwashe su an kashe kafin bama-bamai su taɓa gidajen. Jagorar ta ambaci wannan da jimla ɗaya. Na fahimci cewa zagayen gine-gine ne, amma filin da aka samu aka shimfiɗa wannan ciyawa a kansa yana da masu shi a da, kuma wanda ya biya don a bayyana masa unguwa ya cancanci a tsaya da shi a kan wannan fiye da yadda aka yi.

Ta fuskar tsari, rajista ta intanet ba ta da wahala, saƙon tabbatarwa ya zo da wurin haɗuwa a bayyane, kuma an fara a kan lokaci. Sai dai ayarin ya yi yawa, kuma ba a raba na'urar saurare ta kunne ba. A cikin lambu wannan ba matsala ba ce, amma titin Altonaer Straße, wanda ya taso daga shataletalen Großer Stern ya raba unguwar biyu, yana da hayaniyar motoci, kuma a bakinsa gine-gine masu muhimmanci suke, har da na Niemeyer da dogon benen da ake kira gidan Suwidin. Wanda ke bayan ayari a wurin rabin magana yake ji. Haka kuma shafin kamfanin bai fayyace cewa shiga cikin gida ya dogara da samun mazaunin a ranar ba, sai a bakin jagorar muka ji cewa wasu ranakun ba a shiga. Wannan abu ne da ya kamata a rubuta shi ɓaro-ɓaro kafin mutum ya biya, domin bambancin zagayen da aka shiga da wanda ba a shiga ba babba ne ƙwarai. Taswirorin da ta raba kuwa an buga su da kyau, an lulluɓe su da leda, amma an karɓe su a ƙarshe, alhali kwafin takarda da mutum zai tafi da shi ba zai ci wa kamfanin komai ba.

An ƙare zagayen a ɗakin karatu na Hansabücherei, wanda Werner Düttmann ya zana, shi ne kuma ya zana ginin cibiyar fasaha ta Akademie der Künste da aka kammala a 1960 a ɗaya gefen unguwar. Zaɓin ya yi ma'ana. Gini ne mai hawa ɗaya da ke manne da mashigar tashar jirgi, ɗakunan karatunsa sun kewaye wani ɗan lambu da ake iya fita a zauna da littafi, kuma tun da na jama'a ne kowa yana iya shiga a lokutan aikinsa. Wanda bai samu shiga gidan Jacobsen ba zai ɗan ɗanɗani yadda zama a irin wannan tsari yake: bango a rufe ta waje, gilashi ta ciki, tsuntsaye da ganye a tsakiya, jirgi yana wucewa a ƙarƙashin ƙasa ba a jin sa.

Kuɗin da ake biya bai fi na sauran zagayen ƙwararru a birnin ba, kuma idan an shiga gida ya cancanci abin da aka biya har da ƙari. Idan ba a shiga ba, har yanzu bayanin taswira da na bishiyoyi ya isa dalilin zuwa ga ɗalibin zanen gini, ko mai shirin gina gida, ko duk wanda yake son sanin dalilin da ya sa wasu ɗakuna suke da daɗin zama wasu kuma ba su da shi. Wanda hoto kawai yake nema zai iya zagayawa da kansa. Tafiyar ta kai kimanin awa biyu a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, babu hawa babu gangara, amma tsayuwa tana da yawa kuma wuraren zama kaɗan ne a kan hanyar da ake bi, saboda haka dattijo ya tambaya tun kafin ya yi rajista. Lokacin zuwa ma yana da tasiri: daga watan Mayu zuwa Satumba ganye yana rufe rabin fuskar gine-ginen, amma a lokacin ne ake ganin unguwar yadda masu tsara ta suka nufa, a lokacin sanyi kuwa bishiyoyi sun kaɗe, kowane layi na kankare ya fito fili, sai dai tsayuwar awa biyu a sanyin Berlin tana buƙatar shiri. Wanda yake da rana guda cur zai ƙaru idan ya haɗa da Karl-Marx-Allee da yamma, domin birnin Berlin da kansa ya nemi a sa unguwannin biyu tare a jerin wuraren tarihi na UNESCO, kuma kowace ta fi fitowa idan an ga ɗayar. Kafin a biya dai, a rubuta wa kamfanin a tambaya ko za a shiga gida a ranar, da kuma yawan mutanen da za su kasance a ayarin.